Wata biyar ƙanwata tana kashin jini, an ce kolaitis ne: yaya ake tabbatarwa, kuma me E2 da Mayo 2 suke nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, barka da aiki. Ƙanwata 'yar shekara 24 ta shafe kusan wata biyar tana gudawa da jini da majina. Sau uku ana yi mata maganin atuni, wani ma cewa ya yi basir ne. Daga baya aka zura mata na'urar duba hanji, likitan ya ce a ganinsa alsaratif kolaitis ne, amma sai sakamakon ɗan naman da ya tsinko ya fito. A takardar an rubuta E2 da Mayo 2. Shin ita ce olsar da muka sani? Me ya sa har yanzu ba a yanke magana ba? Kuma me waɗannan lambobin suke nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, kai kuma sannu da ɗawainiya. A yi wata biyar ana jinyar abin da ba a san sunansa ba, ai ba ƙaramar gajiya ba ce.

Bari in fara sauke maka mai sauƙin. Wannan ba olsar da aka saba ji ba ce. Waccan a tumbi take fitowa ko a farkon ƙaramin hanji, galibi sanadiyyar wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ko yawan shan magungunan kashe zafi, kuma da maganin rage tsamin ciki ake kwantar da ita. Ta ƙanwarka can ƙasa take, a babban hanji. Suna ne kawai ya haɗa su, saboda duk biyun akwai gyambo a ciki. Ko shekara za ta yi tana shan maganin olsa ba abin da zai taɓa. Ni nakan ce mata kolaitis mai gyambo idan ina bayani, haka zan riƙa kiranta a nan.

Kafin takardar nan ta yi maka ma'ana sai ka san hanyar da hanjin ya bi. Ɗora hannunka a ƙasan cikinka ta dama, nan babban hanji yake farawa. Yakan hau sama har ƙarƙashin hanta, ya karya kwana ya ratsa saman ciki zuwa hagu, ya sake karya kwana a ƙarƙashin saifa, ya gangaro ta gefen hagu, ya ɗan lanƙwashe a mara, sannan ya ƙare da wani gajeren yanki mai tsawon santimita 12 zuwa 15 wanda yake tara bahaya kafin a fitar. Wannan yanki na ƙarshe shi likitoci ke kira rektum. Tsawon tafiyar gaba ɗaya kamar mita ɗaya da rabi ne. Ka riƙe kwanar saifa ɗin nan a ranka, za mu dawo kanta.

Kolaitis mai gyambo kumburi ne mai daɗewa a wannan hanji, kuma halaye uku ne suka sa aka ware mata suna nata na kanta. Na farko, tana zuwa tana lafawa. Mutum ya yi watanni ko shekaru lafiya lau, sai ta sake tashi. Na biyu, shimfiɗar ciki kaɗai take ci, wato siririyar fatar da bahaya yake gogawa a kai, ba ta cika nutsawa cikin kaurin bangon hanjin ba sai in ta yi tsanani ƙwarai. Na uku, wanda ya fi kowanne amfani wajen ganewa: daga rektum take farawa, ta riƙa hawa sama a jere ba tare da ta tsallake ko'ina ba, kamar yadda ruwa yake jiƙa tsumma daga bakin da aka tsoma. Inda ta tsaya, ta tsaya, abin da ke gaba lafiyayye ne. Ba wata ƙwayar cuta da aka kama da laifin haddasa ta. Abin da ake gani shi ne garkuwar jiki tana faɗa da shimfiɗar hanjin mai ita ba ƙaƙƙautawa, a jikin da gado ya riga ya share wa hanya. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 30, don haka shekarun ƙanwarka sun faɗo daidai, ko da yake tana iya somawa a kowane lokaci na rayuwa.

Likitan da aka fi danganta sunan cutar da shi shi ne Samuel Wilks na asibitin Guy's a Landan, a shekarar 1859. Babban aikin da ya yi shi ne nuna cewa akwai kashin jinin da ya yi kama da atuni amma ba atuni ba ne. Yau fiye da shekara 160 ke nan, kuma har gobe wannan rarrabewar ita ce tsakiyar aikinmu. Shi ya sa ban ga laifin wanda ya fara ba ƙanwarka maganin atuni ba. Duk wanda ya zo da kashin jini na kwana uku, atuni ne abu na farko da hankali zai kawo. Inda nake da magana shi ne karo na biyu da na uku. Gudawar da ƙwayoyin bakteriya suke jawowa, mafi yawanta takan wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu. In aka haura mako huɗu zuwa shida jini bai tsaya ba, an sha magani ba sauyi, to lokacin sauya tambaya ya yi, ba na sauya ƙwaya ba.

Batun basir kuma, tambayoyi biyu uku sukan raba gardama. Jinin basir ja ne jawur, yakan ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki, bahayan kansa yana nan yadda yake. Mai kolaitis jininsa a cakuɗe yake da bahaya da majina. Ga matsuwa: in abin ya taso ba ya jira, mutum yakan san inda kowane bayi yake a hanyar da zai bi kafin ya fita daga gida. Ga yunƙuri: ya tsuguna ya yi ta nishi, ɗan jini da majina kawai su fito, ya miƙe yana jin bai gama ba. Ga tashin dare. Wannan ta ƙarshe ba na raina ta ko kaɗan, domin hanjin da ba kumburi a cikinsa ba ya yawan tada mutum daga barci sau biyu sau uku. Wani abin da yake ruɗa mutane, har da ma'aikatan lafiya, shi ne wanda cutar ta tsaya masa a rektum kaɗai yana iya zuwa da kukan taurin bahaya maimakon gudawa. A nan ne aka fi yi wa mutane tambarin basir su shekara da shi.

To me ya sa likitanta ya ce "a ganinsa"? Saboda gaskiya ya faɗa. Babu gwaji ɗaya tak a duniya da za a yi ya fito da amsar e ko a'a kan wannan cuta. Haɗa hujjoji ake yi: labarin majinyaci, gwajin bahaya, gwajin jini, abin da ido ya gani a cikin hanji, da abin da madubin ɗakin gwaji ya nuna a naman da aka tsinko. Sai sun yi baki ɗaya ake yanke hukunci. Likitan da ya leƙa hanji minti ashirin ya fito ya rantse, ya fi ba ni tsoro a kan wanda ya ce a jira.

A wajen labari, akwai tambayoyin da nake fata an yi mata. Ko tana yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, domin su kansu suna iya ƙona hanji, suna kuma iya tada kolaitis da ta kwanta. Ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. Ko tana ciwon gaɓoɓi, ko jan ido mai zafi, ko wasu kurajen da suke fitowa jajaye masu ciwo a ƙwauri, domin cutar takan leƙa waje da hanji. Manya akan tambaye su cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, tunda wasunsu suna kumbura rektum su yi kama da wannan sak. Akwai kuma batun taba, wanda yake da ban mamaki: an daɗe da lura cewa cutar ta fi kama waɗanda ba sa sha da waɗanda suka daina, har wani sai bayan ya bar taba da 'yan watanni take bayyana. Ba na faɗin wannan don wani ya je ya kunna sigari, ɓarnarta ta ninka wannan sau ba adadi. Alama ce kawai da take taimaka wa mai bincike.

Gwajin bahaya shi ne inda ba na yarda a yi gaggawa. Dole a nemi ƙwayoyin da suke kwaikwayon cutar: Shigella, Salmonella, Campylobacter, da wani nau'in E. coli mai sa zubar jini. Dole a nemi amiba, mai haddasa atunin da yake iya daɗewa watanni yana zuwa yana komawa. Inda ake da tsagiya, a tuna cewa akwai nau'inta mai kama hanji. Tarin fuka ma yana sauka a hanji, ko da yake ya fi kwaikwayon cutar Crohn, wata 'yar'uwar kolaitis da zan yi bayaninta a gaba. Dalilin nacewata a kan amiba ɗaya ne: in kolaitis ta yi zafi, da magungunan sitiroyid ake danne ta, su kuwa garkuwar jiki suke kwantarwa. Ka ba mai amiba sitiroyid bisa kuskure, ka buɗe mata ƙofa. Tana iya cin hanjin har ya huje. Kuma dubawa a madubi sau ɗaya ba ta wadatar ba, saboda ana iya kuskure ta, sannan akwai wata 'yar'uwarta marar cutarwa da suke kama ɗaya a ido. Inda hali ya yi, gwajin da yake neman sinadarin jikinta ko ƙwayar halittarta ya fi tabbas.

Game da ƙanwarka musamman, akwai ƙwaya ɗaya da nake so ka tambaya ko an nema: Clostridioides difficile. Wannan takan samu sarari ne bayan an sha maganin kashe bakteriya ya share ƙwayoyin kirki da ke zaune a hanji. Wadda ta sha irin wannan magani zagaye uku, ga kuma hanji mai rauni, ta cika sharuɗɗan kamuwa. Tana iya zama ita kaɗai ce matsalar, tana kuma iya hawa kan kolaitis ta ƙara mata wuta.

Akwai wani gwajin bahaya da ake kira kalfurotektin. Sinadari ne da fararen ƙwayoyin jini suke zubarwa in sun taru a hanji. Ƙasa da 50 yakan nuna da wuya a ce akwai kumburi, sama da 250 kuwa yakan nuna akwai shi sosai. Amfaninsa shi ne raba mai kumburi da mai hanjin da yake yawan murɗa ba tare da rauni ba. Amma ba ya faɗin wanda ya kunna wutar, atuni ma yana ɗaga shi. Gwajin jini kuma nauyin ciwon yake aunawa: ko jini ya ragu, ko ma'aunan kumburi irin su CRP da ESR sun hau, ko sinadarin albumin ya faɗi. Kada ka yi mamaki in aka ce jininta lafiya lau. Mai cutar a ƙasan hanji kaɗai sau da yawa haka nasa yake fitowa, kuma wannan bai wanke shi ba.

Sai na'ura. Da za ka tsaya a bayana ka kalli majigin, abin da za ka fara lura da shi a lafiyayyen hanji shi ne sheƙi. Fatar ruwan hoda ce mai santsi, kana hango ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashinta sun yi rassa kamar saiwar bishiya. A hanjin mai kolaitis, waɗannan rassan ne suke fara ɓacewa. Fatar ta yi ja, ta kumbura, hasken fitilar ya daina dawowa dunƙule, ya warwatse kamar an barbaɗa yashi a kan jiƙaƙƙen abu. Ka ɗan goga bakin na'urar, sai jini ya tsattsafo. In ta ƙara gaba sai ka ga fatar ta sassaluɓe wuri-wuri, farar majina da mugunya sun lulluɓe ta. Kana turawa sama kana ganin abu ɗaya zagaye da bangon, babu tsibirin lafiya ko ɗaya. Can sai ka iso wani wuri, cikin tazarar da ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, ja ya ƙare, rassan jijiyoyi su dawo tar. Duk sanda na ga wannan iyakar nakan tsaya in ɗauki hotonta, domin ita kaɗai ta kusa ba da rabin amsa.

Rabin da ya rage yana wajen naman da aka tsinko. Ƙa'ida ita ce a ɗauki aƙalla guda biyu daga wurare biyar ko fiye, har da rektum da ƙarshen ƙaramin hanji, kuma har da inda ido ya ga kamar lafiya. Abin da mai duba naman yake nema ba kumburi kawai ba ne, tunda atunin kwana biyar ma kumburi ne. Sawun daɗewa yake nema. A shimfiɗar hanji akwai wasu ƙananan ramuka masu fitar da majina, a lafiyayyen mutum jere suke a tsaye, kai ɗaya, kamar an shirya kwalabe a akwati. Hanjin da ya sha ƙonewa da warkewa sau da yawa, ramukan nan sukan karkace, su gajarce, wasu su yi reshe, wasu su ɓace. A gindinsu kuma akan ga wasu ƙwayoyin garkuwa sun yi dandazo, wanda yana cikin alamun da suke fara bayyana. Atunin bakteriya yakan cika fatar da ƙwayoyin faɗa, amma ya bar jerin ramukan yadda yake. Wannan karkacewa tana ɗaukar makonni kafin ta fito, shi ya sa naman da aka tsinka a farkon ciwo yake iya barin mutum cikin shakka. Ga wadda ta yi wata biyar, ina sa ran sakamakon zai yi magana a sarari.

Ɗaya abin da ake jiran naman ya taimaka a kai shi ne raba ta da cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a New York a 1932. 'Yan gida ɗaya ne, amma kama da wane ba wane ba ne. Crohn tana iya fitowa ko'ina daga baki har dubura, tana tsallake wuri ta kama wani, tana ratsa kaurin bango har ta toshe hanji ko ta huda hanya zuwa fata ko wata gaɓa, kuma sau da yawa takan bar rektum lafiya. Wani lokaci akan ga wasu ƙulle-ƙullen ƙwayoyi a namanta da ake kira giranuloma, amma rashin ganinsu bai kore ta ba. Bambancin yana da nauyi musamman ranar da maganar tiyata ta taso: cire babban hanji gaba ɗaya yana raba mutum da kolaitis mai gyambo, ita kuwa Crohn tana iya dawowa a wani wurin.

Sai dai hanji ba ya karanta littafi. Akwai mai kolaitis a hagu da za a ga wani ɗan fili ja shi kaɗai can a farkon hanji, kusa da bakin afendiks. Akwai wanda cutar ta mamaye hanjin duka har ta ɗan fantsama cikin ƙarshen ƙaramin hanji. Yara kan zo da rektum da bai kumbura sosai ba. Wanda kuma ya riga ya fara magani, musamman na matsawa ta dubura, hanjinsa yana iya warkewa wuri-wuri har ya yi kamar mai tsallake. Saboda wannan ne dubawar farko, kafin a soma magani, take da daraja. Ku adana takardarta da hotunanta da kyau. In duk an yi wannan an kasa rabewa, akwai suna na wucin gadi da ake sawa, ma'anarsa kumburin hanji mai daɗewa wanda ba a tantance ba. Ba gazawar likita ba ce, lokaci ne yakan warware.

Yanzu ga lambobinka. Da zarar an yarda kolaitis ce, tambaya biyu ce take biyo baya, kuma kowacce da ma'auninta: ina ta kai, kuma yaya zafinta yake a yanzu.

Harafin E na tambayar farko ne. Ya fito daga tsarin da masana suka gabatar a babban taron likitocin ciki na duniya da aka yi a Montreal ta Kanada a 2005. E1 na nufin ta tsaya a rektum. E2 na nufin ta wuce rektum ta hau gefen hagu, amma ba ta haye kwanar saifa ba. E3 na nufin ta haye kwanar, ko da ba ta kai ƙarshe ba. Ga yara akwai tsarin Paris na 2011 da ya ƙara E4 ga wadda ta wuce kwanar hanta, saboda yara sun fi zuwa da mai faɗi. Ta ƙanwarka ke nan ta gefen hagu ce. Ana rubuta mafi nisan inda aka taɓa ganin ta kai, ba inda take a ranar da ta lafa ba, kuma iyakar ba ta dindindin ba ce: a wasu takan ƙara hawa bayan shekaru. In wata rana salon ciwon ya sauya, sake dubawa ake yi.

Wannan harafi ba ado ba ne, shi yake nuna ta inda magani zai shiga. Maganin farko ga mai sauƙi da matsakaiciya shi ne mesalazine, kuma sai ya taɓa fatar da ta ƙone yake aiki. Ɗan dunƙulen da ake matsawa ta dubura rektum kaɗai yake wankewa, don haka shi ne na E1. Na ruwa da ake ɗurawa ta ƙasa yana iya kaiwa har kwanar saifa, wato daidai faɗin E2. Ga irin ta ƙanwarka, haɗa na sha da na ɗurawa ya fi kowanne shi kaɗai aiki. Na san yadda fuskoki suke sauyawa in na ambaci wannan. Da yawa sukan karɓa su kai gida su ajiye, su sha ƙwayar kawai, su dawo bayan wata biyu su ce magani bai yi ba. In kunya za ta hana ta gaya wa likita, a samu wata 'yar'uwa mace ta zauna da ita su yi maganar.

Harafin yana kuma tsara sa ido kan sankarar hanji. Ba na so wannan ya tsorata ka, amma ɓoye shi ba daidai ba ne. Hanjin da ya shekara da shekaru cikin kumburi, haɗarinsa ya ɗara na sauran mutane, kuma yana ƙaruwa da faɗin wurin da tsawon zamani. Mai E1 kusan daidai yake da kowa. Mai E2 da E3 akan fara yi masa dubawar sa ido wajen shekara 8 daga ranar da alamu suka soma, ba daga ranar da aka sa wa cutar suna ba. Don haka ku rubuta watan da ta fara ganin jini. Wanda kuma aka same shi da wata cutar hanyoyin ɗacin hanta da take rakiyar kolaitis, shi ba ya jiran shekara 8, duk shekara ake duba shi tun daga farko. Wannan ne ya sa ake haɗa gwajin hanta cikin gwaje-gwajen farko.

Mayo kuwa na tambaya ta biyu ne. Ma'auni ne da ya samo suna daga asibitin Mayo na Amurka, an fara amfani da shi a 1987. Cikakkensa sassa huɗu ne: yawan zuwa bayi, yawan jini, abin da na'ura ta gani, da kimantawar likita, kowanne daga 0 zuwa 3, jimla 12. Amma wanda ake rubutawa a takardar duba hanji sashen na'urar ne kaɗai. 0 fata lafiya ko ta warke. 1 ɗan ja, jijiyoyi sun dusashe. 2 ja sosai, jijiyoyi sun ɓace, fatar tana jini in an taɓa, ga ƙananan saluɓa. 3 jini yana zuba da kansa, ga gyambo a fili. Saboda haka 2 ɗin da ke takardarku kusan tabbas 2 cikin 3 ne, matsakaicin zafi. Ka tabbatar da wannan wajen likitan, domin 2 cikin 12 wata magana ce daban, kusan lafawa ke nan. Wasu likitocin sun fi son wani sabon ma'auni, UCEIS, mai tafiya daga 0 zuwa 8. In ka gan shi nan gaba, aiki ɗaya suke yi. Amfanin lambar shi ne a samu abin kwatantawa. Burin magani a yau ya wuce a ce jini ya tsaya, ana so in an sake leƙawa a tarar 2 ta koma 0 ko 1, domin wanda fatarsa ta warke ya fi daɗewa bai sake kwanciya ba.

Akwai ma'auni na uku da ba ya cikin takardarku, kuma a wurina shi ya fi cancanta iyali su haddace, don ba ya buƙatar na'ura. Likitoci biyu na Oxford, Sidney Truelove da Leslie Witts, su suka tsara shi a 1955 lokacin da suke gwada maganin kotizon a kan wannan cuta, kuma har yau ba a sami abin da ya ture shi ba. Ƙasa da zuwa bayi 4 a yini, ba zazzaɓi, ba wani jigata, mai sauƙi ce. Mai tsanani ita ce zuwa 6 ko fiye a yini da jini, tare da ko da ɗaya daga cikin waɗannan: bugun zuciya sama da 90 a minti, zafin jiki sama da 37.8, ma'aunin jini na himogulobin ƙasa da 10.5, ko ESR sama da 30. Abin da ya faɗa tsakani matsakaiciya ce. Ka lura ba a ce sai duka sun taru ba. Shida da ɗaya, shi ke nan.

Wanda ya cika wannan sharaɗi gadon asibiti ne wurinsa a ranar, ba sai ranar da aka ba shi ta komawa ba. Na sha ganin matasa sun shigo da ƙafarsu suna murmushi suna cewa da sauƙi, ka kama hannu ka ji zuciya tana gudu 110. Ƙuruciya tana ɓoye jigata har sai abu ya yi nisa. A irin wannan hali ba a yin cikakkiyar dubawar hanji, saboda bangon ya yi laushi yana iya hujewa. Ɗan leƙa ƙasa ake yi a hankali, a tsinki nama a nemi wata ƙwayar bairos mai suna CMV. Akan ɗauki hoton ciki a auna faɗin hanjin da ya ratsa sama, in ya kai wajen santimita 6 ga majinyaci a jigace, to hanjin ya saki, kuma likitan tiyata ya kamata ya matso kusa. Akan ba da sitiroyid ta jijiya, a rana ta uku a sake lissafi: wanda har lokacin yake zuwa fiye da sau 8, ko sau 3 zuwa 8 da CRP sama da 45, da wuya sitiroyid kaɗai ya fitar da shi, sai a sauya dabara tun da wuri. Har allurar hana daskarewar jini ake yi masa duk da yana zubar da jini, abin da yakan ɗaure wa 'yan'uwa kai, amma kumburin yana sa jini saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa da huhu. A gida kuwa, in ciwo ya tashi haka, kada a ba ta maganin tsayar da gudawa irin loperamide, yana cikin abubuwan da suke sa hanji ya saki.

Kafin ranar karɓar sakamako, ta samu ɗan littafi ta riƙa rubuta sau nawa ta je bayi da rana, sau nawa da dare, da ko akwai jini a kowanne. Likita zai fi amfana da wannan a kan "da sauƙi" ko "ba sauƙi". Ku tafi da kwalayen duk magungunan da ta sha cikin watannin nan biyar. In kun zauna, ka tambaye shi ko naman ya nuna alamun daɗewa, ko na'urar ta kai har ƙarshen ƙaramin hanji ko a hanya ta tsaya, da ko an nemi amiba da Clostridioides difficile kafin a yi maganar sitiroyid. In kuwa kafin ranar zuwanta bayi ya kai 6 da jini, ga zazzaɓi ko bugun zuciya, ko cikinta ya kumbura yana ciwo in an taɓa, kada ku jira sakamakon, ku kai ta asibiti da takardar nan a hannu.